Fim, zamiyar ƙanƙara da kifin daren Asabar: hutu ne ko sangarta?

Maman_Nabila_KT:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wata magana da ta tsaya mani a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan a tauna. Aikin banki nake yi a cikin garin Katsina. Ƙarfe bakwai da rabi ina kan kujera, in kuwa ƙarshen wata ne ba na ganin ƙofar gida sai bayan isha'i. Ga adadin sababbin asusu da aka yanka wa kowa ya kawo, ga wanda kuɗinsa ya maƙale a hanya ya zo ya juye maka kwandon masifa kamar kai ka cinye. Wallahi akwai ranar da zan dawo in zauna cikin mota a ƙofar gida minti goma, ƙafa ta ƙi fita.

Abin da ke riƙe da ni bai taka kara ya karya ba. Fim nake kallo, kashi ɗaya kowane dare in yara sun yi barci. Sai wasan zamiyar nan da ake yi a kan ƙanƙara, da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, ana juyi ana tsalle ana bin kiɗa. Bara na ci karo da shi a YouTube, yanzu har na san sunayen 'yan wasan. Daren Asabar kuma ni da maigida mukan fita mu ci gasasshen kifi ko tsire a waje, ba girki ba wanke-wanke.

To Yayata ta zo ta tarar ina kallon zamiyar, ta leƙa wayar ta ce, "Ke yanzu da girmanki da 'ya'yanki biyu, Turawa na sulu kina ƙona data?" Da ta ji zancen fitar Asabar kuma ta ce abin da muke kashewa a wata ya isa zubin adashe. Na yi shiru don Yaya ce, amma maganar ta zauna mani. Don Allah ku faɗa mani gaskiya, hutu ne wannan ko sangarta?

Dan_Kofar_Sauri:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ana wannan zafin na Afrilu da kwalta kanta ke neman narkewa, ke kina kallon ƙanƙara. Ai wayo kika fi mu. Mu ƙanƙarar da muka sani ta leda ce, ita ma in azumi ya kama sai ka bi layi.

Ummu_Sudais:
Ni dai ina bayan Yaya, a yi mani afuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashi ma da aka mai da dubu 70 a 2024 bai kai mutum tsakiyar wata. Kifin da za ku ci ku biyu a waje, kuɗinsa zai yi miyar kwana uku a gida har da yara. Fim da zamiya ban ce komai ba, data ce. Amma fita duk sati? Ko sau ɗaya a wata ai ya isa.

Nas_MaiAikinDare:
Maman Nabila, wannan zaman cikin mota da kika faɗa shi ya tsayar da ni, ba kifin ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha ɗaya ina aikin dare, na san wannan zaman. Na yi shi a kan tabarma da takalmin aiki a ƙafata, na kasa cirewa. Ba lalaci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta sa irin wannan gajiyar cikin kundinta a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa in ya daɗe ba a magance shi ba, kuma alamominta su ne ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka, ka ga kamar ba ka iya komai. Mutane nawa muke gani masu shekara talatin da 'yan kai jininsu ya hau, ba gado ba, ba ƙiba ba, sai ka tambayi aikin da suke yi ka gane. Je ki a auna jininki cikin satin nan, kada ki ce sai kin ji ciwon kai, hawan jini ba ya sallama.

Ummu Sudais, lissafinki daidai ne, amma ki haɗa da kuɗin maganin hawan jini na wata-wata ki sake bugawa.

Ummu_Sudais:
Anti Nas na ji, amma wanda ba shi da kuɗin kifin fa? Shi jininsa ba ya hawa?

Nas_MaiAikinDare:
Yana hawa ƙanwata, shi ya fi kowa ma. Ban ce kifi ne maganin ba. Cewa na yi kada a raina abin da ke sauke wa mutum numfashi.

Malam_Na_Rafindadi:
Bismillah. Hutawa ba aibi ba ce a addini. Salmanul Farisi ya ce wa Abu Darda'i jikinka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. Mace ta fita da mijinta su ci halal ɗinsu, babu mai cewa komai sai in an kai ga ɓarna, don ayar da ta ce ku ci ku sha ita ce ta ce kada ku yi ɓarna. Inda zan ja kunne shi ne wasan ƙanƙarar nan. Na taɓa ganinsa a talabijin, shigar matan ba ta da sutura, ga kiɗa, ga wanda namiji ke ɗaga mace sama ba muharraminta ba. Malama ki duba wannan tsakaninki da Ubangijinki. Kuma kada kallo ya ci asuba.

Maman_Nabila_KT:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Gaskiya na maza ɗai-ɗai na fi kallo, su da dogon wando da riga suke yi. Na mata da na biyu-biyu in yara na kusa ba na buɗewa.

Bari in faɗi abin da ya kama ni a wasan, ko a gane ba sulun ba ne kawai. Mutum ya yi shekara yana gwaji, a ba shi minti huɗu. Ya yi tsalle ya faɗi tim a gaban dubban mutane. Ba a tsayar da kiɗan. Alƙalai su cire masa maki ɗaya na faɗuwa, su rage na tsallen, shi ke nan, ya miƙe ya kama inda kiɗan ya kai. Ni a wurin aikinmu kuskure ɗaya na yi a watan Janairu, na sa lamba a inda ba nan ba, aka gyara a ranar, amma har yau in an shiga taron safiyar Litinin sai an taɓo shi. In na ga yaron nan ya tashi ya karkaɗe ƙanƙarar da ke wandonsa ya ci gaba, wani abu na sauka daga ƙirjina. Ban san yadda zan gaya wa Yaya wannan ba tare da ta yi mani dariya ba.

Malamin_Fiziks_KT:
Hajiya kin taɓo inda yake mani ƙaiƙayi. Ni da wannan wasan nake koyar da 'yan aji biyar. Kun lura in za su yi juyin nan kamar katantanwa sukan fara da hannuwa a buɗe, sai su janyo su jikin ƙirji, nan take gudun juyin ya ninka? Ba wani ƙarfi suka ƙara ba, nauyin ne suka matso da shi kusa da tsakiyar jiki. Na ɗauko kujerar ofis mai juyawa daga ɗakin malamai, na ɗora yaro, na ba shi bulo ƙanana biyu ya riƙe da hannu a miƙe, na juya shi, na ce janyo hannu. Saura kaɗan ya faɗo, aji ya kaure da ihu. Har yau ba wanda ya faɗi wannan tambayar a jarrabawa.

Ƙarfen takalmin kuma kaurinsa wajen milimita 4 ne kacal, an ƙwaƙule tsakiyarsa ya zama baki biyu, na ciki da na waje. A kan wannan ɗan siririn abu mutum ke dira bayan ya juya sau uku ko huɗu a sama. Tsallen da ya fi wuya sunansa Aksel, sunan wani ɗan Norway ne, Axel Paulsen, da ya fara yin sa a 1882. Shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba a dira da baya, don haka kullum akwai ƙarin rabin juyi a kansa. Mai juyi huɗu da rabi ba wanda ya taɓa dirar da shi a gasa sai a Satumbar 2022, wani yaro ɗan Amurka, Ilia Malinin, yana ɗan shekara 17. Duk abin bai kai daƙiƙa ɗaya ba a sama.

Maman_Nabila_KT:
Malam ai ni Yuzuru Hanyu na Japan ne gwanina, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta hunturu a 2014 da 2018. Ya gwada wannan tsallen a Beijin a 2022 ya faɗi, na kalla ya fi sau ashirin, kullum sai na riƙe numfashi kamar wannan karon zai dira.

Dan_Kofar_Sauri:
To fa. Muna nan muna neman wanda zai biya mana kuɗin wuta, ashe a Katsina akwai masu jimamin faɗuwar ɗan Japan 😂

Alhaji_Fatake:
Ku bar raina abin nan, ni na taka ƙanƙarar da ƙafata. Shekarun baya na je Dubai saro kaya, yaron da ke yi mani jagora ya kai ni wata ƙatuwar kasuwar zamani, a tsakiyarta ga fili fari fat, yara ƙanana na ta shawagi. Na ce wannan ai wasan yara ne. Na biya, aka ba ni takalmi, na naɗe ƙafar wando, kaftanina shadda sabuwa dal. Taku na farko na riƙe bango. Na biyu na saki. Wallahi ban san lokacin da na ga rufin ginin ba. Hulata ta yi gabas, ni na yi yamma. Na yunƙura in tashi, ƙafa ɗaya ta tafi Daura ɗaya ta tafi Jibiya. Wata yarinya da ba ta fi shekara shida ba ta zo ta tsaya cak a kaina, ta miƙo mani hular. Daga ƙarshe wani abin turawa na yara suka ba ni, mai siffar tsuntsu, na dafa shi na lallaɓa na fita. Kwana huɗu ina sallah a zaune. Duk wanda ya yi tsalle a kan abin nan ya dira da ƙafa ɗaya, a ba shi girmansa.

BaDauriya:
Alhaji Allah ya ƙara lafiya, amma me Daura ta yi maka da za ka turo mana ƙafa? 😂

Ni a Daura nake koyarwa a firamare, yara fiye da tamanin a ajina, in na dawo muryata ta dishe. Nawa hutun ba ya cin ko sisi: bayan la'asar in dama fura da nono mai sanyi, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in kashe waya. Amma ba zan yi ƙarya ba, in maigida ya shigo da ƙunshin balangu cikin takarda, mai ya jiƙa ta, ga albasa ga yaji, ranar har yaran sun san Mama ta huce. Ina ganin ba wurin ba ne, ranar da ba ke kika hura wuta ba ita ce hutun.

Sarkin_Yakin_Zaure:
Ni abin da ban gane ba shi ne matar aure a wurin cin abinci, maza na kai da kawowa. A sayo a kawo gida mana. Katsinawa kunya gare mu, yaushe muka koma haka?

Hajjo_Layout:
Malam Sarkin Yaƙi, da mijinta fa ta ce. Kuma wannan matar tun safe tana zaune gaban maza ɗari a banki tana ƙirga masu kuɗi, ba ka ce komai ba, sai da ta zauna cin kifi kunya ta tashi? In an kawo gida wa zai kwashe kwanukan? Wa yara za su hau wa jiki? Yawancin wuraren nan ma suna da ɓangaren iyali, da labule ko rumfa daban.

Sarkin_Yakin_Zaure:
Hajiya ban zo faɗa ba. Ra'ayina na faɗa, kuma gidana haka ake yi.

Baba_Mai_Fansho:
'Ya'yana ku saurara in ba ku labari, shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati. A zamaninmu ɗan mutunci bai cin abinci a kasuwa, gaskiyar Sarkin Yaƙi ke nan. Amma kada ku ɗauka ba mu ci a waje. Ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci a layinmu zai sa a fito mashi da akushinsa ƙofar gida, wannan tuwon dawa da miyar kuka, wancan na gero da kuɓewa, a haɗa a ci tare. Nan za ka faɗi abin da shugabanka ya yi maka a ofis, a yi dariya, wani ya ba ka wanda ya fi naka muni, ka shiga gida wasai. Yanzu kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. To wanga ciwo da a da ake sauke shi bakin akushi, ina za a kai shi? Dole ku biya kuɗi a gidan abinci ku sayi abin da mu muke samu kyauta. Sai dai in faɗi gaskiya, ciyayyar ta maza ce. Iyayenku mata suna ciki, su suka tuƙa, ba wanda ya tambaye su ko sun gaji.

Silima kuma mun je, kada wani tsoho ya yi maku ƙarya. Fili ne ba rufi, benci a jere, sai an yi isha'i duhu ya yi sannan a haska. Yau Indiya, gobe kaboyi, jibi 'yan Sin masu faɗa. Ba mu jin ko kalma ɗaya, amma mu fito muna ba juna labarin kamar da mu aka yi. In mahaifinka ya ji ka je kuwa, ka shiga uku, don a lokacin ɗan silima da ɗan iska duk ɗaya ne a idon manya. Kafin ita akwai majigi da ake kawowa ƙofar fada kyauta, a nuna noma da tsafta. Ɗiyata Maman Nabila, abin da Yayarki ta ce maki, shi aka ce mana a kan silima.

Hajjo_Layout:
Baba Allah ya ja kwana. Wannan ta "ba wanda ya tambaye su ko sun gaji" zan tura wa wani a gidanmu.

Mai_Tura_Finafinai:
Tunda an zo fagena bari in sa baki. Shagona na tura finafinai a waya ne, shekara takwas ke nan. Daga fuskar mutum nake gane abin da zai ce. Ma'aikacin da ya taso a gajiye ba ya son fim mai sa tunani, zai ce "sa mani na dariya" ko "sa mani Indiya fassara, wanda jarumi ke dukan mutum hamsin." Akwai wani mai kaki da ke zuwa duk Juma'a, ƙato, murya kamar aradu, ba abin da yake karɓa sai na Koriya na soyayya, ya ce in sa masa cikin wata jaka a wayar in rubuta mata "Takardu". Mata kuma masu dogon zango na Hausa, ranar da sabon kashi ya fito kafin in buɗe shago an yi layi. Hajiya ba ke kaɗai ba ce, rabin garin nan da haka suke barci.

Dan_Fim_Na_Gida:
Kai kuma ku ne kuka kashe mana kasuwa. Tun 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano ana sayar da kaset, aka koma faifai, mutane na ci da iyalinsu. Kuka zo kuna tura fim a naira kaɗan, wanda ya zuba miliyoyi bai ga ko kwabo ba. Ga fassarar Indiya ta zo ta ƙarasa. Shi ya sa kowa ya gudu YouTube yana jan labari kashi ɗari don talla ta biya.

Mai_Tura_Finafinai:
Yallaɓai ni ma haya nake biya, da janareto nake aiki. Ku kawo tsarin da za mu riƙa ba ku kaso, ba mu ƙi ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar baiwar Allah. Rigimar 'yan fim da masu turawa a buɗe mata nata zaren.

Nas_MaiAikinDare:
Yauwa. Maman Nabila, tsakaninki da Allah, "kashi ɗaya" ɗin nan ɗaya ne? Don masu dogon zangon nan sun san inda suke yanke labari.

Maman_Nabila_KT:
Anti kin kama ni 🙈 Ranar Talata uku na kalla, na duba agogo ƙarfe ɗaya saura. Da safe na sa sukari a miyar yara.

Nas_MaiAikinDare:
To nan ne Yaya ke da gaskiya ba tare da ta sani ba. Babba na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. In kin ci awa biyu daga ciki kin ba fim, gobe kwastoman da za ki iya haƙura da shi sai ki ji kamar ki shaƙe shi. Ni dokar da na sa wa kaina, waya ba ta hawa gado. Zamiyar ma ta fi fim ɗin sauƙi a nan, minti huɗu an gama, ba a bar ki da "me zai faru gobe" ba.

Yar_Jamia_Batagarawa:
Ina so in gyara wa Yaya abu ɗaya, ba na Turawa kaɗai ba ne. Mutanen Japan da Koriya da Sin sun daɗe suna cin lambobi. Baƙaƙe ma sun yi. Debi Thomas ta Amurka ta ci tagulla a 1988, ita ce baƙar fata ta farko da ta samu lamba a gasar Olamfik ta hunturu, daga baya ta zama likita. Sai Surya Bonaly ta Faransa, wadda ta zo ta biyu a gasar duniya sau uku a jere. A Olamfik ɗin Nagano ta Japan a 1998 ta san ba za ta ci ba, ga ciwo a ƙafa, sai ta yi alkafura ta baya ta dira da ƙafa ɗaya, alhali an haramta alkafura a gasa. Aka rage mata maki, ta ƙare ta goma, amma yau ita ake tunawa. Sai a 2024 aka ɗage haramcin. Mu ma Najeriya mun je ta hunturu a 2018 a Koriya ta Kudu, mata huɗu, ko da yake ba wannan wasan ba, na keken da ke sulalawa a kan ƙanƙara ne.

Sai dai Anti, waɗanda kike kallo don ki huta, su ma a matse suke. Bayan rigimar da aka yi a Olamfik ɗin 2022 kan wata yarinyar Rasha 'yar shekara 15 da gwaji ya nuna maganin da aka haramta wa 'yan wasa a jikinta, hukumar wasan ta ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 17, saboda yadda ake tatse yara ƙanana. Wurin da suke zama su jira maki ma Turawa na kiransa wurin sumba da kuka.

Maman_Nabila_KT:
Wurin sumba da kuka! Ai mu ma muna da shi, ofishin manaja ranar duba ƙwazon ma'aikata. Sai dai namu ba sumba.

Auwalu_Taya_Takwas:
Anti in kina so ki gani ido da ido ba sai an je Japan ba. Muna nan muna yi da takalmin taya da sassafe ranar Lahadi, inda kwalta ke da santsi kafin motoci su fito. Juyi biyu nake yi a sama yanzu.

Baba_Mai_Fansho:
Kai ne cikin masu kama bayan Napep a titi? In na sake ganin ɗayanku sai na kai ƙara gidanku.

Auwalu_Taya_Takwas:
Wallahi Baba ba ni ba ne, na daina tun bara.

Kwamared_KT:
Na karanta duka, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ana ta awon kifi da data, ba wanda ya tambayi dalilin da zai sa uwar yara biyu ta yi awa goma sha biyu a wurin aiki ba a biya ta na ƙarin lokaci ba. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce wanda ya yi wata goma sha biyu yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa, wurare da yawa ma abin da ke cikin takardar ɗaukar aikinsu ya fi haka. Hajiya, yaushe rabonki da hutun shekara? Ina tsoron kada kifin Asabar ya zama man zafi da ake shafa wa karaya, ya ɗan lafa ki koma Litinin a ƙara taka wurin.

Maman_Nabila_KT:
Kwamared, shekara biyu ke nan. Duk lokacin da na cike takarda sai a ce ba wanda zai riƙe kujerata, in bari sai wata mai zuwa. Kuma ka san yadda aiki ke wuya, akwai mutum ɗari a waje da ke jiran kujerar.

Kwamared_KT:
Da wannan maganar suke riƙe kowa. Ki rubuta a takarda, ki ajiye kwafi, kada ki tsaya a baki.

Ummu_Sudais:
To ni dai har yanzu ina kan bakana a kan duk sati. Amma na ji ta BaDauriya, ranar da ba ke kika hura wuta ba. Wataƙila sati ɗaya a fita, sati ɗaya a sayo masa da miyar taushe a ci a tsakar gida, ragowar a zuba adashen. Yaya ta samu nata, ke kin samu naki.

Hajjo_Layout:
Ko kuma a ɗauki Yayar a kai ta cin kifin sau ɗaya. Na san irinsu, ita za ta fara tambayar yaushe za a koma.

Dan_Kofar_Sauri:
A haɗa da Alhaji Fatake ya ba ta labarin hula.

Alhaji_Fatake:
Ni na tuba. Ko tayil aka goge da ruwa yanzu zagayewa nake yi.

Maman_Nabila_KT:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Anti Nas gobe in sha Allahu zan tsaya a auna jinin kafin in wuce. Kwamared zan rubuta, ko da yake ban sa rai ba. Maganar rage fita kuwa sai na shawarci maigida, don in gaskiya za a bi shi ya fi ni son kifin, ni ce dai aka gani. Yanzu haka ma ga saƙo ya shigo a zauren WhatsApp na ofis, ƙarfe goma da kwata na dare, wai kowa ya turo adadin asusun da ya buɗe a satin nan.

Nas_MaiAikinDare:
Kada ki buɗe. Da safe ma yana nan.

Maman_Nabila_KT:
Na riga na buɗe Anti, ya nuna shuɗi.

BaDauriya:
Hajjo, don Allah turo mani kwatancen wurin nan mai ɓangaren iyali ta akwatin sirri. Ranar Asabar muna shigowa Katsina biki.